Abin da Thyra Ta Yi wa Bodil

Ni da Bodil Kragelund mun shekara ashirin da shida muna tsaye kusa da juna a masana'antar gyaran kifi ta garinmu Klitsund, ita a dama ni a hagu, kowa da wuƙarta. Saboda haka idan na ce na santa, ba sanin gaisuwar hanya nake nufi ba. Daga yadda take fille kan kifi kawai nakan gane ko ta yi faɗa da mijinta da safe. Sunana Vibeke. Yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, ragowar kuma ita ta gaya mini da bakinta.

Bodil 'yar masunci ce. Tana da shekara goma sha huɗu mahaifinta ya fita teku bai dawo ba, ta bar makaranta ta shiga masana'anta. A lokacin, tanis wasan 'ya'yan likita ne da na mai kantin magani. Kulob ɗin garin yana da filaye biyu na jar ƙasa a bayan tudun yashin da ya tare mana teku, kuma aikin Bodil na ranar Asabar shi ne ta share su ta yayyafa musu ruwa. Wata rana matar likita ta zo ba ta sami abokiyar wasa ba, sai ta miƙa wa Bodil raket, abin bugun ƙwallon, ta ce ta tsaya can ta riƙa maido mata ƙwallo. Kafin shekara biyu babu macen da ke iya cin Bodil a duk yankinmu. Iyakar inda ta kai ke nan. Babu mai kai ta babban birninmu Kopenhagen, kuma akwai ƙanne uku a gida.

Ta auri Ejvind, makanikin injin jiragen ruwa, mutum mai shiru. Ba su sami haihuwa ba. Tun tana da ashirin da biyar ta fara koya wa yara wasan, Talata da Alhamis da Lahadi, kyauta. Daga masana'anta take hawo kekenta kai tsaye, ƙarnin kifi bai bar hannunta ba. Ni kuma nakan dafa kofi a ɗakin kulob, in yanka burodi ga iyayen da ke jira.

Ba zan ce muku Bodil mai laushi ce ba. Bakinta ba shi da birki. Yaro zai ji ta daga ƙarshen fili tana cewa, "Kai, ƙafafu ne da kai ko turaku? Motsa mana!" Yara sun sa mata suna Iskar Yamma. Amma ban taɓa ganin ta taɓa ɗan kowa ba, kuma duk yaron da ta yi wa tsawa, ita ce za ta ɗaure masa igiyar takalmi kafin ya tafi.

Tana da shekara arba'in da ɗaya Preben Hvidberg ya kawo 'yarsa Thyra. Preben mai sayar da motoci ne a bakin gari, mai fara'a, mai son a san da shi. Shi ke saya wa kulob ƙwallaye da raga, shi ke ba da hamsin idan an ce kowa ya ba da goma. Kowa na son sa. Yarinyar tana da shekara bakwai, siririya, gashinta fari kamar ba a gama rina shi ba, ba ta ɗaga kai ta dubi mutum.

Bodil ta jefa mata ƙwallo goma. Bayan nan ta shigo ɗakin kulob ta karɓi kofi a hannuna, ta tsaya bakin taga.

Na ce, "Lafiya kika yi shiru? Ba halinki ba ne."

Ta ce, "Vibeke, iska ta karkatar da ƙwallon nan sau uku. Sau ukun yarinyar tana wurin kafin ya iso. Ban koya mata ba. Ba kuma a koya wa mutum wannan."

Daga ranar Thyra ta zama aikin rayuwar Bodil. Da sanyi ya shigo aka rufe filayen waje, Bodil ta je ta yi ta rigima da 'yan ƙwallon hannu har suka sakar mata zauren wasanni daga ƙarfe shida zuwa bakwai na safe. Ta roƙi shugabanmu ya canza mata lokacin aiki. Ejvind ya ƙera musu wata na'ura mai harba ƙwallo da injin tsohuwar na'urar wanki, tana ƙara kamar za ta tashi sama. Duk ƙarshen mako suna kan hanya a tsohuwar motar Bodil, daga wannan gasa zuwa waccan, da burodi da dafaffen ƙwai a cikin jaka.

Matsalar ita ce Preben. Da ya gane abin da Allah ya ba 'yarsa, sai ya zama wani mutum. A bainar jama'a yana dariya, a gida kuwa ya ajiye sikeli a ƙofar ɗakin girki. Kowace safiya sai Thyra ta hau kafin a ba ta karin kumallo, yana rubuta nauyinta a jikin kalanda. Idan ta dawo daga wurin Bodil, sai ya kai ta bayan shagonsa ta yi ta bugun fara wasa a jikin bango, ɗari biyu, ɗari uku, har hannunta ya ƙi ɗaguwa. Uwarta Gudrun tana gani, ba ta cewa komai. Mace ce da ta saba yin shiru tun kafin a haifi Thyra.

Bodil ta gane ne daga kafaɗar yarinyar. Ta ce mata, "Wa ya sa ki aiki bayan nawa?" Thyra ta yi ta kallon takalminta. Sai da aka yi makonni ta faɗa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru a wata gasa a garin Herning, cikin watan Fabrairu, Thyra tana da sha biyu. Na bi su ranar don in taya Bodil tuƙi. Yarinyar ta kai wasan ƙarshe, wata 'yar garin Aarhus da ta girme ta da shekara guda ta ci ta da ƙyar. Preben ya zo da tasa motar. Ya tafa, ya gaisa da uban ɗaya yarinyar, ya ce wa Thyra ta ɗauko jakarta su tafi. Mu muka tsaya karɓar takardun sakamako. Da muka fito, bayan kusan rabin awa, sai ga Thyra ita kaɗai a wurin ajiye motoci, cikin gajeren siket ɗin wasa, ƙanƙara tana zuba mata a ka. Uban ya buɗe gilashi ya ce mata wadda ta sha kashi ba ta shiga motarsa, ya ja ya tafi. Tsakanin Herning da gida ya fi kilomita tamanin.

Bodil ta tuɓe rigar sanyinta ta naɗe yarinyar, ta sa ta a kujerar baya ta zauna kusa da ita, ni na tuƙa. Kwana uku Thyra ta yi a gidan Bodil. Ejvind ya yi ta soya mata kifi da dankali, yana cewa, "Ci, 'yan mata, babu mai auna kowa a gidan nan sai ni, ni ma na daina." A rana ta huɗu Bodil ta sa ni na kai ta shagon Preben. Na zauna a mota. Ta gilashi ina ganin ta tana nuna shi da yatsa, shi kuma yana ja da baya har ya jingina da wata jar mota.

Da ta fito na ce, "Me kika ce masa?"

Ta ce, "Na ce in ya sake ɗora yarinyar nan kan sikeli, ni zan ɗora shi kan teburin kifi. Ya san ina da wuƙa."

Ya ɗan sassauta, amma bai daina ba. Ya dai koyi ɓoyewa. Mutanen kulob da yawa sun san labarin Herning, don ni ban iya riƙe bakina ba. Sun girgiza kai, suka ci gaba da karɓar ƙwallayen Preben.

Akwai abu ɗaya da Bodil ta yi wanda ba ta taɓa yafe wa kanta ba. Thyra tana da sha huɗu ta kai wasan ƙarshe na gasar matasa ta ƙasa, kafaɗarta na ciwo. Bodil ta ce su janye. Yarinyar ta yi ta kuka tana roƙo, tana cewa in ta janye ba ta san abin da za ta tarar a gida ba. Bodil ta bar ta ta buga. Thyra ta ci kofin, ta yi wata biyu hannunta a rataye.

Shekara ta zagayo Bodil da kanta ta rubuta wa manyan masu horarwa a Kopenhagen. Ta ce wa Thyra, "Abin da na sani na ba ki, har da wanda ban san na sani ba. Ki tafi wurin waɗanda suka fi ni." Wani dalilin kuma, ta gaya mini, shi ne yarinyar ta yi nisa da sikelin nan. A tashar jirgin ƙasa Thyra ta rungume ta ta ƙi saki, har sai da Bodil ta ce, "Ke, sake ni, jirgin ba na ubanki ba ne da zai jira ki."

Thyra ta shiga wasan ƙwararru tana da sha bakwai. Shekarun farko wahala ce zalla, ƙananan gasa a garuruwan da ba mu taɓa jin sunansu ba. Daga ko'ina takan aiko wa Bodil da kati. Tana da ashirin da biyu ta shiga cikin mata ɗari na farko a duniya, ta hau har kusan ta sittin. A ƙasa ƙarama irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekarar da ta kai zagaye na uku a babbar gasar Paris, an rufe masana'anta da wuri, duk gari muka taru a zauren wasanni muna kallo a kan farin zane. Bodil ba ta zauna ba. Tana tsaye a baya tana magana da zanen: "Durƙusa, yarinya! Ƙafar hagu, ƙafar hagu!" Masunta suna ce mata, "Ƙara murya, Bodil, ba ta ji ba tukuna."

A lokacin Preben ya sayar da shagonsa ya zama manajan 'yarsa. Duk inda ta je yana nan a kujerar gaba da hularsa. Katunan suka fara raguwa, daga baya suka tsaya. Bodil ta ce yarinyar aiki ne ya yi mata yawa. Da Ejvind ya rasu, Thyra tana Ostareliya, ta aiko da furanni masu yawa har suka rufe na kowa. Bodil ta yi ta nuna wa mutane.

An yi wa kafaɗar Thyra tiyata sau biyu. Tana da ashirin da takwas ta ajiye raket. Ba a daɗe ba jinin Preben ya hau ya shanye masa rabin jiki, bakinsa ya karkace, magana ta gagare shi. Thyra ta ɗauke shi da uwarta ta kai su gidanta kusa da Kopenhagen.

Bayan shekara biyu muka ji za a nuna wani shiri a talabijin a kan rayuwar Thyra. Bodil ta riga ta yi ritaya daga masana'anta, amma tana nan da yaranta a fili, tana da sittin da huɗu. Ita ta ce mu taru a ɗakin kulob mu kalla tare. Ranar Lahadi ce da yamma. Ta gasa kek ɗin tuffa babba, ta sa rigarta shuɗiya da take sawa a bukukuwa. Mun kai mutum talatin, har da iyayen sababbin yara, waɗanda suka ƙauro garin bayan an kafa kamfanin injinan samar da lantarki daga iska.

Aka nuna Thyra zaune a falonta, Preben a keken guragu kusa da ita, ta riƙe hannunsa mai lafiyar. Ashe shirin ba a kan kofuna ba ne, a kan yadda ake cutar da yara ne a wasanni. Thyra ta fara magana a hankali. Ta faɗi sikelin. Ta faɗi bugu ɗari uku a jikin bango. Ta faɗi Herning, da ƙanƙara, da gajeren siket, har da kalmomin da aka gaya mata ta gilashin mota. Tana hawaye. Na juya na dubi Bodil, na ga tana gyaɗa kai, kamar mai cewa yauwa, yarinya, faɗi, lokaci ya yi.

Sai mai tambayar ta ce, "Wane ne ya yi miki duk wannan?"

Thyra ta dubi mahaifinta. Shi ma yana kallon ta da idonsa ɗaya mai motsi. Sannan ta ce, "Matar da ta fara koya mini wasa ce, a garinmu. Ba na son in kama suna. Da ba don Baba ba, da ban kai ko'ina ba."

Ba ta kama suna ba. A Klitsund mutum ɗaya ne ya koya wa yara tanis cikin shekara arba'in.

Babu wanda ya iya duban Bodil. Shirin ya ci gaba, aka nuna tsohon hoton Thyra tana ƙarama a filinmu, da wata mace a bayanta an dusashe mata fuska, amma hannun da ke riƙe da kwandon ƙwallo kowa ya san shi. Bodil ta tashi ta je teburi, ta yanka kek ɗin gunduwa-gunduwa daidai wa daida, ta goge wuƙar. Ta ce, "Ku ci, ba zan koma da shi gida ba." Ta ɗauki rigar sanyinta ta fita. Na bi ta, amma kafin in kwance kekena ta yi nisa.

Washegari wayarta ta fara ƙara. 'Yan jarida, da mutanen da ba ta sani ba masu zagi. Wani ya rubuta mummunar kalma a jikin akwatin wasiƙunta. Wani ɗan jarida ya tare ni a bakin kanti, na zaunar da shi na ba shi labarin Herning daga farko har ƙarshe. A jaridar layi ɗaya ya ba ni: wai wata ƙawar matar ta musanta.

Na ce wa Bodil, "Ki fito ki yi magana mana! Kin zauna kamar an dasa ki."

Ta ce, "Za ta kira. Kin san ta, in ta tsorata bakinta yakan riga hankalinta. Bari ta huce, za ta gyara da kanta."

Ta yi makonni ba ta zuwa ko'ina don kada a kira ba ta nan. Da ta gaji ta rubuta wasiƙa da hannunta, shafi biyu, ba zagi ko ɗaya a ciki, don na karanta. Bayan wata guda amsa ta zo daga ofishin masu kula da harkokin Thyra. Takarda ce bugaggiya, irin wadda ake aika wa kowa, ana gode mata da ƙaunar da take nuna wa 'yar wasan. An haɗo da hoton Thyra mai sa hannu.

Kafin nan kulob ya kira taro. Shugaban a lokacin Troels Bjerre ne, malamin makaranta, wanda Bodil ta koya wa riƙe raket yana da shekara shida. Sababbin iyaye sun ce ba za su ƙara kawo 'ya'yansu ba in tana nan. Ban zarge su ba, abin da suka gani suka gani. Waɗanda nake zargi su ne tsofaffin, su wajen goma a ɗakin, waɗanda suka san wanda ya ajiye sikeli. Na miƙe na faɗi abin da idona ya gani, na kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya na ce su yi magana. Kowa ya sa ido a cikin kofinsa. Wani ya ce abin ya daɗe, ba ya tunawa sosai. Wata ta ce Preben ba shi da lafiya, ba zai iya kare kansa ba, bai kamata a tayar da maganarsa ba. Wani kuma ya ce, "Gaskiya dai, Vibeke, ke ma kin san bakin Bodil."

Troels ya share murya ya ce, "Bodil, ba wai mun yarda ba ne. Ki ɗan huta kawai, zuwa ƙura ta lafa."

Ta ce, "Zuwa yaushe ke nan, Troels?"

Ya ce, "Za mu gani."

Ta ciro makullan ɗakin kaya daga aljihu ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Ragar fili na biyu ta yage a ƙasa, gefen teku. A ɗinke kafin Mayu." Ba ta sake taka wurin ba.

Shekara biyu suka wuce, Preben ya rasu, aka kawo shi gida aka binne a harabar cocinmu. Bodil ba ta je ba, ni ma ban je ba. Da la'asar ina gidanta muna feraye dankali sai aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, sai ga Thyra cikin baƙar riga, ita kaɗai. Ta rame. Ta ce, "Vibeke, tana ciki?"

Bodil ta ji muryar. Ta ce daga ɗakin girki, "Bar ta ta shigo, tana sa mana sanyi a gida."

Thyra ta zauna a kujerar Ejvind. Na so in fita, Bodil ta ce in zauna, ai na sha zama shaida ba a saurare ni ba, yau ma in yi. Ta zuba mata kofi. Thyra ta riƙe kofin da hannu biyu, tana kallon tebur kamar tana 'yar shekara bakwai.

Ta ce, "Ban shirya faɗin haka ba, Bodil. Wallahi na shiga ne da niyyar in faɗi komai. Su suka ce a kawo shi ya zauna kusa da ni, wai hoton zai fi kyau. Da ta tambaye ni na juya, na ga yana kallo na. Ba ya iya magana, ba ya iya share miyau, amma kallon nan na da yana nan. Sai kawai na ji bakina ya faɗi wani abu dabam."

Bodil ta ce, "Wannan na gane shi tun a ranar. Na ga idonki. Shi ya sa na jira. Washegari fa? Da watan da ya biyo? Da shekara biyun nan?"

Thyra ta ce, "Kullum ina cewa gobe. Sai abin ya yi girma. Ana gayyata ta makarantu, yara suna rubuto mini, an canza dokokin horar da yara saboda maganata. In na ce na yi ƙarya a wuri ɗaya, za a ce duka ƙarya ne." Ta ɗago kai. "Kuma na san ke za ki iya ɗauka. Ke ba abin da ke karya ki. Shi kuwa da ya ji na tona shi, da ya mutu."

Na ga hannun Bodil ya tsaya a kan dankalin. Ta ce, "Au, auna mu kika yi, kika ga ni na fi ƙwari."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kike nufi. To yanzu ya mutu. An rufe shi ɗazu, na ji ƙararrawa. Za ki koma ki faɗa?"

Thyra ta fara kuka. Ta ce akwai Mama, ba ta da kowa yanzu sai sunan mijinta. Ta ce a ba ta lokaci. Ta ce tana iya zuwa ta yi wa Troels magana a asirce, a mayar da Bodil fili, babu wanda zai sani. Daga nan, ban san ko don ta kare kanta ba, ta ce, "Ke ma ai kin bar ni na buga wasan nan da kafaɗa tana ciwo."

Bodil ta ce, "Na bari. Wannan nawa ne. Da shi kika faɗa a talabijin, da na miƙe a gaban mutane na ce gaskiya ne. Amma kin ɗauko nasa kin ɗora mini, kin kuma gode masa." Muryarta ba ta tashi ba, ni da na saba jin ta daga ƙarshen fili. "Ba na son asiri, Thyra. A gaban ƙasa duka kika yi. Shanye kofinki, uwarki tana jira."

Thyra ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo kamar za ta rungume ta, Bodil ta ci gaba da feraye. Da ƙofar ta rufe, ta ajiye wuƙar ta dafe teburi da hannu biyu. A duk zamanmu ranar ce kaɗai na ga kukanta. Ta ce, "Vibeke, kin ga yadda ta rame? Ba ta cin abinci."

Thyra ba ta gyara ba. Yanzu shekara uku ke nan. Gudrun ta bi mijinta bara, kuma har yau ba mu ji komai ba. Thyra tana sharhin wasanni a talabijin, ana yabonta, tana yawo makarantu tana gaya wa yara kada su yi shiru in babba ya cuce su. Bodil ta ce abin da take faɗa daidai ne, kuma yana da amfani, mutum ɗaya ne kawai aka sa a inda ba wurinsa ba. In muryarta ta fito a talabijin, Bodil takan rage sautin ta kalli wasan haka nan.

Kulob ya sa wa fili na ɗaya sunan Thyra, aka yi biki da tutoci. Sun aiko wa Bodil da takardar gayyata, Troels ya ƙara da biro a ƙasa cewa za su ji daɗi in ta zo. Ba ta amsa ba. Wasu daga cikin tsofaffin nan goma suna gaishe ta a kanti da fara'a mai yawa, tana amsawa da kalma ɗaya.

Ta sayar da gidan ta koma wani ƙaramin ɗaki kusa da tashar jiragen ruwa. Ta shiga ƙungiyar wasu tsofaffin mata masu wankan teku, rani da sanyi, ƙarfe bakwai na safe. Ta matsa mini har na fara bin su, amma ni iyakata gwiwa. Jiya ruwan kamar wuƙa, ina tsaye ina rawar sanyi, ita ta shiga har wuya ta juyo tana kallo na. Ta ce, "Ke, Vibeke, shigo ko ki koma gida. Tsayuwar nan taki ce ta fi sanyi."